Tafawa Ɓalewa: Firaministan da ya kori jakadan Faransa saboda bam ɗin Sahara

A ranar 5 ga Janairun 1961, Najeriya tana da wata uku da 'yan kwanaki kacal da samun mulkin kai, gwamnatin tarayya da ke Legas ta bai wa jakadan Faransa, Raymond Offroy, da ma'aikatansa wa'adin sa'o'i 48 su tattara nasu-ya-nasu su bar ƙasar. Ta kuma haramta wa jiragen ruwa da jiragen saman Faransa yada zango a Najeriya. Dalili shi ne bam ɗin nukiliya na uku da Faransa ta tayar a hamadar Aljeriya ranar 27 ga Disamban 1960. Wanda ya yanke wannan hukunci, Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ne mutumin da abokan hamayyarsa a gida da waje suke yi wa kallon mai sanyin hali, ɗan lelen Turawa, wanda ba zai iya ɗaga musu murya ba.

An haifi Abubakar a watan Disamban 1912 a garin Tafawa Ɓalewa da ke ƙasar Bauchi, kuma sunan garin ne ya zame masa suna. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, bafaden hakimin Lere ne, mahaifiyarsa kuwa sunanta Fatima Inna. Bai gaji sarauta ba, bai gaji dukiya ba. Ya yi karatun allo, ya shiga elementare a garinsu, daga nan sai makarantar lardi a Bauchi, sannan Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, wadda ta yaye kusan duk waɗanda suka riƙe Arewa daga baya, har da Ahmadu Bello. Da ya gama ya koma Bauchi ya kama aikin malanta a makarantar midil, ya kai har muƙamin shugabanta.

A farkon shekarun malantarsa ne ya rubuta littafin Shaihu Umar, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933. Labarin yaro ne da cinikin bayi ya raba da mahaifiyarsa, ya ƙetare hamada zuwa ƙasashen Larabawa, uwar kuma ta bi sawunsa. Wanda ya rubuta irin wannan labari yana da shekara 21 ya san cewa Sahara hanya ce da ayari ke bi, da rijiyoyi da zanguna da mutane a cikinta. Wannan sani ya yi masa rana bayan shekara kusan talatin, lokacin da gwamnatin Faransa ta riƙa bayyana yankin da za ta tayar da bam a matsayin fili fetal da babu kowa.

Tsakanin 1945 da 1946 ya yi karatun koyarwa a Jami'ar Landan. Da ya dawo ya shiga Majalisar Dokokin Arewa, a 1947 kuma ya tafi majalisar ƙasa a Legas. Sunansa ya fito sosai a watan Agustan 1950, da ya gabatar da ƙudurin neman a yi wa mulkin En'e garambawul, yana sukar yadda sarakuna ke mulki ba tare da jin ta bakin talakawa ba. Abu ne da ba a saba ji a zauren Kaduna ba, kuma koke ne da al'ummomin Kudancin Zariya, wato Kudancin Kaduna na yau, suka daɗe suna yi game da hakiman da ake turo musu. Sai dai jam'iyyarsa ta NPC, wadda ya zama mataimakin shugabanta, ta tsaya tsayin daka a kan Arewa ɗaya, ta ƙi amincewa da ware yankin Tsakiya da 'yan jam'iyyar UMBC suke nema. Ɓalewa bai saɓa wa jam'iyyarsa a kan wannan ba, kuma har yau akwai waɗanda ke riƙe da shi a zuciya saboda haka.

Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga bisani Ministan Sufuri. Babban aikin da ake dangantawa da zamaninsa shi ne layin dogo na Borno, wanda aka samo wa rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya a 1958. Layin ya tashi daga Kuru kusa da Jos, ya ratsa Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964. Duk jirgin da zai hau shi daga Legas ko Fatakwal sai ya bi ta mahaɗar Kafanchan, wadda tun 1927 take haɗa layin gabas da Kaduna da Jos. Daga cikin fatan da aka ɗora a kan layin har da jawo kayan ƙasar Chadi, wadda ba ta da teku, zuwa tashoshin ruwan Najeriya. Tun kafin ya zama Firaminista a ƙarshen Agustan 1957, Ɓalewa ya riga ya san maƙwabta ta fuskar tan-tan na gyaɗa da auduga da fatu, da kuma hanyar da suke bi su kai bakin ruwa.

Bam a lokacin hunturu

Tun da labari ya bazu cewa Faransa na shirin gwada bam ɗinta na farko a Reggane, can ƙuryar hamadar Aljeriya, hankalin Afirka ta Yamma ya tashi. Ba sai an yi wa ɗan Arewa dogon bayani ba. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga hamada ta zuba ta a kan kowa da komai: rijiyoyin Katsina, dalar gyaɗa a Kano, citta da manoman ƙasar Ham ke shanyawa a fili a Nok da Kwoi, har ta dangana da bakin teku. Tambayar da mutane ke yi ita ce, idan iska na iya kawo rairayi, me zai hana ta kawo guba? A watan Nuwamban 1959 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya roƙi Faransa ta janye. A Disamba wata tawagar masu adawa da gwajin, ciki har da Fasto Michael Scott da Bayard Rustin na Amurka, ta tashi daga Accra da niyyar kaiwa wurin da ƙafarta, jami'an Faransa suka tare ta a Upper Volta, Burkina Faso ta yau.

A lokacin hannun Ɓalewa a ɗaure yake. Firaminista ne, amma harkokin waje na hannun Ingila, ita kuwa Ingila ba ta son ɓata wa Janar de Gaulle rai. Abin da ya iya yi shi ne ya kai kuka Landan. Amsar da ya samu ita ce ta masana kimiyya da na'urorin auna ƙura, da tabbacin cewa babu wani haɗari.

Ranar 13 ga Fabrairun 1960, a tsakiyar hunturu, bam ɗin ya tashi. Ƙarfinsa ya kai kimanin kilotan 70, wato ya ninka na Hiroshima fiye da sau huɗu. Kwame Nkrumah ya riƙe kadarorin Faransa a Ghana, Maroko ta janye jakadanta daga Paris. Na biyu ya biyo baya ranar 1 ga Afrilu. Najeriya ba ta da bakin magana sai 1 ga Oktoba, kuma ranar 7 ga watan Ɓalewa ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya da Najeriya a matsayin ƙasa ta 99. Da Faransa ta tayar da na uku a ƙarshen Disamba, babu sauran wata Ingila da za a fake da ita. Shi ne Firaminista, shi ne kuma ke riƙe da ma'aikatar harkokin waje da kansa, domin sai a tsakiyar 1961 ya miƙa ta ga Jaja Wachuku.

Masu nazarin tarihi sun lura cewa matakin bai rasa nasaba da siyasar gida. A ƙarshen Nuwamban 1960 ɗaliban Jami'ar Ibadan sun yi wa majalisa tsinke a Legas saboda yarjejeniyar tsaro da gwamnati ta ƙulla da Ingila. A cikin makon da aka kori jakadan kuma, Nkrumah da Sékou Touré da Gamal Abdel Nasser da Modibo Keïta suna taro a Casablanca, inda ake yi wa irin su Ɓalewa kallon 'yan amshin shatan Turawa. Duk wannan gaskiya ne. Amma cewa an yi abu a kan gaɓar da ta dace da siyasa bai mai da shi ƙarya ba, kuma ba kowane shugaba ne ke karɓar tsadar da Ɓalewa ya karɓa ba. A 2014 jaridun Faransa suka wallafa wata taswirar sojan ƙasar da aka daɗe ana ɓoyewa, wadda ta nuna cewa ƙurar bam ɗin farko ta kai Fort-Lamy, N'Djamena ta yau, cikin kwana ɗaya, ta bazu a Afirka ta Yamma, kafin mako biyu kuma ta taɓa gaɓar Spain da Sicily. Tsoron da aka raina a 1960 ashe yana da tushe.

Takunkumin da ya faɗa kan maƙwabta

Inda lissafi ya kuskure shi ne wajen takunkumin jirage. An nufi Paris da duka, sai sandar ta sauka a kan Yamai da Fort-Lamy da Kwatano. Nijar da Chadi ba su da teku, kuma wani kaso mai yawa na abin da suke fitarwa da wanda suke shigowa da shi ta tashoshi da layin dogon Najeriya yake bi, a cikin jiragen ruwan Faransa. Ƙasashe ne da ba su cika wata shida da samun 'yanci ba, baitulmalinsu kuma ya dogara da tallafin Faransa. Shugabanninsu ba su da halin sukar bam ɗin ko da sun so. Ranar 24 ga Afrilun 1961, Nijar da Dahomey da Côte d'Ivoire suka sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da Faransa, wadda ta ba ta fifiko a kan ma'adinai masu muhimmanci ga yaƙi, har da yuraniyom. Washegari Faransa ta tayar da bam na huɗu a Reggane.

Ɓalewa ya saurari koken maƙwabta. Bayan 'yan watanni ya ɗage haramcin jirage, amma ya bar ƙofar jakadanci a rufe fiye da shekara huɗu. Wannan rarrabewa, tsakanin gwamnatin da ta yi laifi da maƙwabcin da tsautsayi ya rutsa da shi, ita ce mafi kyawun abin da ya yi a duk rikicin, ta ma fi korar jakadan nuna basira. Wanda ya ga yadda rufe iyaka da yanke wutar lantarki bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 suka gigita kasuwannin Jibiya da Illela da Maraɗi, da yadda aka ɗage takunkumin a farkon 2024 ba tare da sojojin Yamai sun sauka ba, zai gane nauyin abin da ya auna a 1961.

Daga nan ya mai da hankali kan hanyar da ta fi dacewa da halinsa, wato zama a teburi. A watan Mayun 1961 ya halarci taron Monrovia, inda ƙasashe rainon Ingila da rainon Faransa suka haɗu a kan ƙa'idoji masu sauƙin faɗa: kowace ƙasa daidai take da 'yar'uwarta komai ƙanƙantarta, babu mai tsoma baki a harkar cikin gidan wani, babu mai haɗiye wani da sunan haɗin kai. Ya karɓi baƙuncin zagaye na biyu a Legas a Janairun 1962, watan da aka soke yarjejeniyar tsaro da Ingila. Nkrumah na son gwamnatin Afirka guda nan take. Ɓalewa na ganin a fara da hanyoyi da waya da ciniki da ruwa, sauran su biyo baya. Da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa ranar 25 ga Mayun 1963, kundinta ya fi kama da ra'ayin Monrovia. An soki wannan tsari daga baya cewa ya zama rumfar da azzaluman shugabanni ke fakewa a ciki, kuma sukar na da ƙamshin gaskiya. Amma ga ƙasa mai girman Najeriya, wadda ƙananan maƙwabtanta ke tsoron ta murƙushe su, alkawarin girmama iyaka shi ne kuɗin shiga kowace tattaunawa.

An gwada wannan alkawari a kan Kamaru. A ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961, arewacin yankin da Ingila ke riƙo ya zaɓi Najeriya, ya zama Lardin Sardauna, kudanci kuma ya zaɓi Kamaru. Shugaba Ahmadu Ahidjo bai ji daɗin rasa arewa ba, har ya kai ƙarar Ingila Kotun Duniya. Legas ba ta yi jayayya a kan kudancin da ya tafi ba, ba ta kuma mai da fushin Ahidjo abin gaba ba. Shekara uku bayan haka, ranar 22 ga Mayun 1964, Ɓalewa da Ahidjo da Diori Hamani na Nijar da François Tombalbaye na Chadi suka kafa Hukumar Kula da Tafkin Chadi a Fort-Lamy, da sharaɗin kada wata ƙasa ta yi aikin da zai taɓa ruwan tafkin ba tare da tuntuɓar sauran ba. A Nuwamban shekarar aka kafa makamanciyarta ta Kogin Neja a Yamai, a daidai lokacin da Najeriya ke fara gina madatsar Kainji. Hukumar Tafkin Chadi na nan har yau, kuma a ƙarƙashin inuwarta ne rundunar haɗin gwiwa da ke yaƙi da Boko Haram take aiki.

Batun nukiliya ma bai bar shi ya kwanta ba. Ranar 24 ga Nuwamban 1961 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1652, wanda ya nemi a ɗauki Afirka a matsayin nahiyar da ba a gwaji ko ajiye makaman ƙare-dangi a cikinta. Ƙasashe 55 suka amince, babu wadda ta ƙi, 44 suka ƙaurace, ciki har da wasu daga cikin ƙasashen Afirka rainon Faransa. A 1962 Najeriya ta samu kujera a kwamitin ƙasashe 18 na kwance ɗamarar yaƙi da ke zama a Geneva, tana cikin takwas da ba sa ɓangaren Amurka ko na Tarayyar Sobiyet. Faransa, wadda ita ma aka ware wa kujera, ta ƙi zama a kai. A Yulin 1964, a taron Alƙahira, shugabannin Afirka suka fitar da sanarwar bai ɗaya ta raba nahiyar da makaman nukiliya. Waɗanda suka ƙaurace a 1961 sun shigo layi cikin shekara uku, ba tare da an tilasta musu ba.

A waɗannan shekaru sojojin Najeriya sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango, inda Aguiyi-Ironsi ya kai ga jagorantar rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, sun kuma je Tanganyika a 1964 bayan boren sojojin Julius Nyerere. A taron ƙasashe rainon Ingila na Maris 1961, Ɓalewa na cikin waɗanda suka matsa har Afirka ta Kudu mai mulkin wariyar launin fata ta fice.

A gida ne abin ya gagare shi. Dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma a 1962, ɗaurin shekara goma da aka yi wa Obafemi Awolowo a 1963, rigimar ƙidayar jama'a, tarzomar ƙasar Tibi a 1960 da 1964, zaɓen tarayya na Disamban 1964 da 'yan hamayya suka ƙaurace wa a wurare da dama, sai kuma zaɓen Yamma na Oktoban 1965 da ya jawo ƙone-ƙone da kashe-kashe. Mutumin da ya iya sasanta Ahidjo da Diori da Tombalbaye a teburi ɗaya ya kasa, ko ya ƙi, tsawatar wa abokan ƙawancen jam'iyyarsa a Ibadan. Haƙurin da ya yi masa amfani a waje ya zama jinkiri a gida, jinkirin kuma ya ci rayuka. Ranakun 11 da 12 ga Janairun 1966 ya jagoranci taron shugabannin ƙasashe rainon Ingila a Legas kan rikicin Rhodesia, karo na farko da aka yi irinsa a wajen Landan, alhali wuta na ci a garuruwan da ba su da nisa da zauren. Daren 15 ga Janairu sojoji masu juyin mulki suka ɗauke shi daga gidansa. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta, aka kai ta Bauchi aka binne. Yana da shekara 53. Allah Ya jiƙansa.

Wata ɗaya bayan rasuwarsa, ranar 16 ga Fabrairun 1966, Faransa ta yi gwajinta na ƙarshe a Sahara, na 17 ke nan: huɗu a sararin sama a Reggane, 13 a ƙarƙashin dutse a In Ekker. A ɗaya daga cikin na ƙarƙashin ƙasar, ranar 1 ga Mayun 1962, dutsen ya tsage, ƙurar ta rufe sojoji da ministocin Faransa biyu da suka je kallo. Ba matsin lambar Legas ne ya kori Faransa daga hamada ba. Wa'adin shekara biyar da yarjejeniyar 'yancin Aljeriya ta ba ta ne ya kusa cika, sai ta koma tsibiran tekun Fasifik.

De Gaulle bai manta da 1961 ba. Faransa ta daɗe tana jan ƙafa a kan yarjejeniyar cinikin da Najeriya ta nema da kasuwar tarayyar Turai, kuma da yaƙin basasa ya ɓarke ta taimaka wa Biyafara da makamai ta hannun Gabon da Côte d'Ivoire. Offroy, jakadan da aka kora, ya zama ɗan majalisa a ƙasarsu, kuma ɗaya daga cikin manyan masu yi wa Biyafara fafutuka a Paris. Amma maƙwabtan nan da aka ɗage takunkumi saboda su ba su bi uwargijiyarsu ba. Ahidjo ya hana a yi amfani da ƙasarsa wajen kai wa 'yan aware makamai, Diori ya tsaya tare da gwamnatin tarayya, ya kuma karɓi baƙuncin tattaunawar sulhu a Yamai a Yulin 1968. A wannan shekarar ce Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya tun ranar farko, a ita ce kuma aka kafa kamfanin haƙar yuraniyom na Arlit a arewacin Nijar, wanda ya shekara fiye da hamsin yana ciyar da masana'antar nukiliyar Faransa.

Sanarwar Alƙahira ta 1964 ta jira shekara 32 kafin ta zama yarjejeniya, saboda Afirka ta Kudu ta ƙera bama-bamai shida a asirce, sai a 1993 F. W. de Klerk ya bayyana cewa an wargaza su. Wani jami'in diflomasiyyar Najeriya, Oluyemi Adeniji, shi ya shugabanci kwamitin masanan da ya tsara daftarin Yarjejeniyar Pelindaba, wadda aka sa wa hannu a Alƙahira ranar 11 ga Afrilun 1996, ta kuma fara aiki a Yulin 2009. Ba ta hana amfani da nukiliya wajen bincike da magani da lantarki ba, shi ya sa Jami'ar Ahmadu Bello ke da ƙaramar na'urar bincike a Zariya tun 2004, wadda a 2018 aka sauya mata makamashi, aka mai da tsohon yuraniyom ɗinta mai ƙarfi ƙasar Sin. Yarjejeniyar na da wani rataye da manyan ƙasashe masu makaman ƙare-dangi ke ɗaukar alkawarin ba za su yi gwaji a ko'ina cikin nahiyar Afirka ba. Faransa ta sa masa hannu a 1996.